Buhun Farar Wuta

Tun ranar da Ɗangoggo ya shigo gida da buhun nan, matarsa Zulai ta ce masa wannan ba kayan da za a ratsa Abuja da shi ba ne a irin wannan lokaci. Garin farar wuta ne, rawaya kamar ɗorawa, ya sayo a wurin wani ɗan koli Bakatsine. A gefe kuma ga tsohon gwangwanin fenti cike da ƙusoshi masu tsatsa, waɗanda ya yi ta tsinta a kangwaye. Ta dubi buhun, ta dubi gwangwanin. Ta ce ko ita da ta san shi ciki da waje, in ta ga baƙo da wannan tarkace a tasha, tsallake titi za ta yi. Shekarar ce bom ke tashi a gari, yau a ji can, gobe a ji nan, har ta kai in mutum ya ajiye leda a bakin hanya ya juya baya sai a watse.

Ya buɗe baki zai ba ta amsa, maganar ta maƙale. Ɗangoggo mai in'ina ne tun yana yaro, irin mai tsananin nan da in ransa ya tashi sai haƙora su datse, jijiyoyin wuya su miƙe, ido ya kawo ruwa, kalma ɗaya ta ƙi fita. A salla da karatu ne kaɗai harshensa ke warwarewa. In ya ja Fatiha, ba ka cewa shi ne. Saboda haka tun da suka baro ƙauyensu a ƙasar Zazzau suka raba aiki: shi hannu, ita baki. Shi ke cika baƙaƙen ledoji da ƙasa, ya yi dashe, ya yi aure tsakanin lemo da lemo. Ita ke tsayawa bakin titi ta yi ciniki da Hausa da ɗan Turancin kasuwa da ta tsinta. In ba ta kusa kuma aka matsa masa da tambaya, sai ya zaro tsohuwar wayarsa da aka ɗaure da kyauro, ya kira wanda ya san shi, ya miƙa wa mai tambaya.

Lambunsu na bakin rafi, kusa da kasuwar kifi ta Kado, su kuwa suna kwana a Tungan Maje tun da aka rushe unguwar da suka fara zama. A shekarun nan kuɗi na yawo a gari. Inda ka bari daji bara, bana sai ka tarar da benaye, kuma kowane sabon gida yana son ciyawa da itatuwa. Ba su yi arziki ba, amma sun aurar da 'yarsu Saudatu da gado da katifa, ba su roƙi kowa ba.

Mai lemon da aka sayo wa farar wutar ita ce Hajiya Rahmatu, ma'aikaciyar gwamnati da ta yi karatun ƙasar noma. Da ta tare a sabon gidanta, cikin wani rukunin gidaje mai katanga da get, ta sayi dashen lemon zaƙi a wurinsu, Ɗangoggo ya jera mata su a jikin katanga. Da farko sun kama. Daga baya sai sabon toho ya riƙa fitowa fari-fari, rawaya, jijiyoyin ganyen kaɗai ke kore kamar an zana su da alƙalami. Ya ƙara ruwa, ya ƙara kashin kaji, ya sa takin zamani, abin sai gaba yake yi. Ya daina cin abinci sosai. Zulai ta ce masa ko lokacin da Saudatu ta yi ƙyanda bai rame haka ba.

Hajiya ce ta sa aka tona gindin ɗaya. Aka yi ta fito da ɓaraguzan bulo da busasshen siminti da magina suka binne suka rufe da jar ƙasa. Ta tsuguna da lallausan mayafinta ta yi musu bayani, Zulai na riƙewa don ta maimaita wa mijinta a hanya. Ta ce itace yana cin ƙarfe, ɗan kaɗan, kamar yadda mutum ke cin gishiri, kuma da shi yake yin koren ganye. Ƙarfen yana nan a ƙasar, jan nan da ake gani shi ne, amma siminti ya ɗaure shi. Saiwa takan fitar da wani ɗan tsami ta narkar da shi ta sha, to simintin ya fi ƙarfin tsaminta. Farar wuta in ta daɗe a jiƙaƙƙiyar ƙasa tana komawa tsami, sai ta kwance ƙarfen. Ta ce kuma itacen yana cin ita farar wutar kanta, tare yake aiki da su biyun, in ɗaya ta yi ƙaranci sai ya rage jan ɗayar.

Ɗangoggo ya yi ta fama har ya samu ya ce ubansa ƙusa mai tsatsa yake binnewa a gindin lemo. Hajiya ta yi dariya ta ce ƙusar ba za ta yi wani abin kirki ba, amma ba za ta shiga tsakanin mutum da ubansa ba, ya binne. Suka gwada a itace ɗaya, da ɗan ƙullin da ya shigo da shi a aljihu. Damina ɗaya ta wuce, itacen nan ya yi kore shar, sauran na tsaye kusa da shi kamar masu ciwon shawara.

Shi ya sa bana ya sayo buhu. Hajiya ta ce kada ya wahalar da kansa, za ta aiko direba ya ɗauka. Sai tafiyar aiki ta taso mata, direban yau ya ce gobe, gobe ya ce jibi. Ruwan farko ya sauka, na biyu ya sauka. Ɗangoggo ya je ya dawo ya ce kan rassan ya fara bushewa, in ba a sa yanzu ƙasa na da laima ba, wasu ba za su kai baɗi ba. Zulai ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta ce lemon wani ne, ba nasa ba. Ya ce shi ya dasa. Da ta ga ba zai bari ba sai ta kafa sharaɗi: ƙafarta ƙafarsa, kuma a bakin get kada ya ce uffan, ita za ta yi magana. Ai kuma Enoch na nan, tsohon maigadin da ya san su, wanda kullum ke tsokanarsa da Mai Lambu, yana roƙon dashen gwaiba.

Suka isa da hantsi. Shi da buhu a kafaɗa da gwangwani a hannu, ita da kwano a ka, da dashe a ciki na maye gurbin waɗanda suka mutu. Tun daga nesa ta ga wurin ya canza. An jibge buhunan yashi, an kawo sababbin masu gadi, samari masu baƙar riga da kulake. Enoch an mayar da shi can ciki wajen ɗaga sandar da motoci ke wucewa. Masu shiga da ƙafa kuwa, leburori da magina da 'yan aikin gida, an raba su layi biyu. Maza a fili, mata a bayan wani shingen kwano inda mace ke laluba su.

Zulai ta ce wa na bakin layin tare suke, mijinta ba ya iya magana, ita ce bakinsa. Ya nuna mata layin mata da kulki, ko kallonta bai yi ba. Ta ce to su koma gida. Ta juya ta kama hannun rigar Ɗangoggo, amma na baya sun riga sun turo, kuma mai kulkin ya ce wanda ya zo nan da kaya ba ya juyawa sai an ga abin da ke ciki.

“Ka tsaya a baya, Malam,” in ji ta. “Ka bar kowa ya wuce. Yanzu zan fito.”

Ya gyaɗa kai.

Mai binciken mata wata ce Justina, ba ta da mugunta, sai dai nawa. Ta ce, “Mama, sauke kayanka,” ta ɗauko tsinken ƙarfe ta shiga soka shi cikin ledojin dashe ɗaya bayan ɗaya, tana tambaya ko wannan yana yin 'ya'ya da wuri. Zulai na amsawa, kunnenta na waje. Ta ji an ce, kai, mai buhu, matso. Ta ji an ce mene ne wannan. Aka sake tambaya da ƙarfi. Sai ta ji sautin da ta fi kowa sani a duniya, numfashin mijinta yana dukan bayan haƙoransa yana neman hanya.

Ta bar kwanon ta yi waje. Justina ta riƙo mayafinta tana cewa ba a gama ba, ta bar mata mayafin.

An kwance bakin buhun, garin ya zubo a kan kwalta. Wani lebura ya dangwala ya sansana, ya ce shi ɗan maharba ne, ya san wannan, da shi ake haɗa albarushi. Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta yi kisan. Wani ya sa ƙafa ya ture gwangwanin, ƙusoshi suka watsu da ƙara. Layin ya buɗe, kowa ya ja da baya, aka bar Ɗangoggo shi kaɗai a tsakiya, wuya ya kumbura, ido ya yi ja, baki na motsi ba magana. Ya waiga bai hango ta ba. Sai ya yi abin da ya saba, ya sa hannu a aljihu ya zaro wayar nan mai kyauro zai kira Hajiya.

Wani ya yi ihu cewa zai danna.

Kulki ya sauka a hannun, Zulai ta ji ƙarar ƙashin daga inda take. Wayar ta yi tsalle ta tarwatse. Na biyu ya same shi a ƙeya, hularsa ta faɗi, ya durƙusa a kan ƙusoshinsa. Waɗanda suka gudu suka ga bai fashe ba, sai suka dawo, kuma tsoron da suka ji ya koma haushi. Akwai gini a gefen get ɗin, kayan duka ba su yi wuya ba. Wani ya zo da katako mai ƙusa a jiki, wani da shebur, wani da guntun rodi. 'Yan acaba suka jingine babura suka taho. Masu wucewa da ba su san farkon zancen ba suna tambaya da gudu, ana ce musu an kama ɗaya.

Zulai ta kutsa. Bakin nan da ya sayar wa matan manya dashe, wanda bai taɓa rasa amsa ba, ta buɗe shi duka. Ta ce maganin lemo ne. Ta ce farar wuta ce, wadda uwayensu ke shafa musu in sun yi ƙazuwa. Ta ce su shiga gidan Hajiya Rahmatu su ga itatuwan, ɗaya kore sauran rawaya. Ta faɗa da Hausa, ta faɗa da Turancin kasuwa, ta haɗa su da Allah da Annabi, ta haɗa wasu da Yesu. Muryarta ta nutse cikin hayaniya kamar an jefa tsakuwa a rafi. Wanda ya ji ta ma cewa ya yi ga abokiyar aikinsa, ai da mata suke yi yanzu. Wani ya mare ta da bayan hannu. Ta faɗi, aka taka mata yatsu, ta tashi da rarrafe tana bi ta tsakanin ƙafafu.

Ta ƙarƙashin nan ta gan shi. Ya dunƙule, ya rufe kai da hannun da bai karye ba. Rodin na sauka a haƙarƙarinsa, kowane duka jikin ya zabura. Rigarsa ta shuɗi, wadda ta wanke jiya, ta rine. Garin rawaya ya manne a jinin fuskarsa. Wani saurayi da bai kai Saudatu shekaru ba ya ɗago bulo da hannu biyu sama da kansa, ya tsaya yana neman inda zai sake shi, mutane na buɗa masa.

Enoch ne ya iso da gudu, tsoho da shi, yana ɗaga hannuwa. “Na san shi. Mai Lambu ne, yana zuwa nan tun ba a kawo sababbin masu gadin nan ba. Ku bari a kira madam.” Aka ce nawa aka biya shi. Wani ya buga masa shebur a baki, ya zauna a ƙasa yana tofar da haƙori. Bulon ya sauka.

Daga nan aka fara kiran taya. Wani ya gangaro da ita daga wurin mai faci, wani ɗan acaba ya zare tiyo ya tsiyayo fetur a gora. Garin turereniya gorar ta kuɓuce, fetur ya malale a kan buhun da garin da ya zube. Zulai ba ta ga wanda ya ƙyasta ashana ba. Ta ga dai wuta ta tashi ja, ta lafa, sannan wata irin wuta shuɗiya ta kama bin ƙasa a hankali, garin na narkewa yana gudana. Hayaƙin ya bugi mutane a maƙogwaro. Ido ya rufe, tari ya sarƙe kowa, wani ya ce ga shi nan zai tashi. Kafin ka ce me, jarumawan nan sun zubar da katako da rodi suna tattaka juna, har da masu baƙar riga.

Abin da bakinta ya kasa, hayaƙin ya yi. Ta toshe hanci da gefen zane ta isa gare shi. Ita da Enoch suka ja shi ta hammata zuwa inuwar katanga, inda iska ke kore hayaƙin. Justina ta zo da mayafin da ruwa a leda, ta tsaya ba ta san wanda za ta miƙa wa ba.

Zulai ta ɗora kansa a cinyarta. Gefen kan ya yi laushi a tafin hannunta, ta san abin da ke nan. Ido ɗaya ya rufe, ɗayan na neman ta.

“Ga ni, Malam. Na fito.”

Leɓɓansa suka motsa. Ta sunkuya tana jiran faman da ya saba yi, ta shirya ta ƙarasa masa kamar kullum. Sai kalmar shahada ta fito tiryan-tiryan, ba gargada ko ɗaya, da muryar nan tasa ta salla. Bai bar mata abin da za ta ƙarasa ba.

Masu kaki sun zo daga baya suka kwashe abin da ya rage na buhun. Bayan kwanaki aka ce an duba, kayan lambu ne. Waɗanda suka yi dukan kuwa, kowa ya ce shi daga nesa ya hango. Aka binne Ɗangoggo a Tungan Maje. Hajiya Rahmatu ta zo gaisuwa daga filin jirgi, ta yi kuka har mata suka riƙa ba ta haƙuri, ta ce da ta sani da ta zo da kanta ta ɗauka. Zulai ta ce kwana ne ya ƙare.

Da ta fita takaba ta koma lambu, don ba ta da wani wurin. Ciniki na nan yadda ta bar shi, hannun ne babu. Yatsunta biyu da aka taka ba su ƙara lanƙwasuwa ba, da sauran take cika leda.

Wata safiya motar Hajiya ta tsaya a bakin rafin. Bayan gaisuwa ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce lemon nan, rabi sun bushe. Wanda marigayin ya yi wa magani ya yi 'ya'ya har reshe na taɓa ƙasa. Ta ce ba ta son sauran su mutu, don shi ya dasa su, kuma ba ta son wani baƙo ya taɓa su. Ta sayi farar wutar da kanta, buhu biyu, suna can gidan. In Maman Saudatu za ta iya, direba zai kai ta ya dawo da ita, ba za ta taka ƙasa a bakin get ba.

Zulai ta ci gaba da danna ƙasa a leda da babban yatsa. Can ta tambaya yadda aka yi buhunan suka shiga.

Hajiya ta ce a bayan mota.

“Ba su buɗe ba?”

Direban ne, da yake bai san dawan garin ba, ya ce ai ba a buɗe motar madam, sara mata suke yi.

Zulai ta ajiye ledar a layi, ta ɗauki wata. Ta ce wa Hajiya a tona a kewaye gindin, nesa da jikin itacen kamar kamu biyu, kada garin ya taɓa ɓawon. A cakuɗa da ƙasa, a rufe, a ba shi ruwa, kuma kada a sa ran ganin kore kafin wata damina. Haka Malam yake yi. Kowa ma zai iya.

Hajiya ta ce to ita ba za ta zo ba ke nan.

Zulai ta ce ba za ta zo ba. Sai ta miƙe ta shiga rumfar da yake ajiye kayan aiki, ta fito da wani ƙullin tsumma ta sa a hannun Hajiya. Ƙusoshi ne, Enoch ya tsince su a bakin get washegarin ranar ya kawo mata. Wasu tsatsa ce a jikinsu, wasu ba tsatsa ba ce.

“Na san kin ce ba sa komai,” in ji ta. “A binne masa.”